Na haddace lambobin OSPF amma na faɗi CCNA, kuma na kasa gaya wa yayana

Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne a Zariya, na gama difloma a fannin kwamfuta, yanzu ina ɗan aikin gyara da jan wayar intanet a ofisoshi. Kwanakin baya na zauna jarrabawar CCNA, wadda kamfanin Cisco ke shiryawa kan haɗa hanyoyin sadarwar kwamfuta, na faɗi. Yayana ne ya biya mini dala 300 ɗin rajista, kuma na san ba a cikin yalwa ya fitar da su ba. Duk lokacin da ya tambaye ni sai in ce masa sakamako bai fito ba. Takardar sakamakon ta nuna cewa na fi rauni a sashen da OSPF yake ciki, wato tsarin da rautoci (na'urorin da ke zaɓa wa bayanai hanya) ke bi su koyi hanyoyi daga juna. Wallahi na haddace jadawalin nan, 10 da 40, 30 da 120, wane layi ke zaɓen DR (rautar da ke shugabantar layi), wane ne ba ya zaɓe. Amma da aka nuno mini allon rauta aka ce me ya hana waɗannan biyun zama maƙwabta, sai duk lambobin suka cakuɗe mini. A manhajar gwaji ta Packet Tracer ma na haɗa rautoci huɗu a kan suwic ɗaya, biyu daga ciki sun tsaya a matakin 2WAY, na nemi kuskurena har na gaji ban gano ba. Abokaina sun ce in sayi tambayoyin da ake satowa in haddace kawai. Ko dai in haƙura, harkar nan ba tawa ba ce?

Ƙaninka daga Zariya

Wa alaikumus salam, ƙanena.

Ka cusa maganar yayanka a tsakiyar wasiƙa, amma na san ita ce ke hana ka barci, don haka da ita zan fara. Ka same shi a wannan makon, kai da shi kawai, ka nuna masa takardar sakamakon. Ka ce masa ka faɗi, ka ji nauyinsa ne shi ya sa ka yi ta ja masa rai, kuma ka nemi afuwarsa a kan hakan. Wanda ya tsame kuɗi daga bakin iyalinsa ya biya maka zai iya jure labarin faɗuwa. Abin da zai yi masa ciwo shi ne ya ji daga bakin wani, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne, ko ba jima ko ba daɗe zai ji. Kada ka roƙe shi kuɗin sake zama a wannan haɗuwar. Ka fara tara wani abu daga aikin hannunka, ko da kaɗan ne, ya gani da idonsa.

Sai albishir. Rautocin nan naka guda biyu da suka tsaya a 2WAY lafiyarsu ƙalau. Ba ka yi kuskure ba, kuma dalilin da ya sa ka kasa gano kuskuren ke nan. Abin da ya faru da kai a gwajin nan shi ne ainihin abin da ya kayar da kai a ɗakin jarrabawa: ka riƙe lambobi a ka, amma ba wanda ya zaunar da kai ya gaya maka matsalar da aka ƙirƙiro lambobin don magancewa. Haddar da ba ta da dalili a ƙarƙashinta tana zubewa da zarar an juya tambaya.

Kafin mu shiga, ka buɗe jerin batutuwan jarrabawar 200-301 da Cisco ta wallafa, wadda ta fara aiki a watan Fabrairun 2020. Sashen haɗa hanyoyin IP shi ne mafi nauyi, kashi 25 cikin ɗari. Ka duba abin da aka rubuta a ƙarƙashin OSPF: yanki ɗaya tak, ƙulla maƙwabtaka, layin da ke tsakanin rautoci biyu, layin taro (wanda rautoci da yawa ke haɗuwa a kai) da zaɓen DR da mataimakiyarta BDR, sai lambar shaidar rauta. Shi ke nan. Nau'in layi biyu ake so ka iya da hannunka. Sauran ukun da suka cika maka jadawali na masu karatun CCNP ne, matakin da ke gaba da CCNA. Ka san da zamansu, amma kada ka ba su rabin lokacinka.

Duk rautar da aka kunna wa OSPF tana tura ƙaramin saƙon gaisuwa ta kowace ƙofa da ke cikin tsarin, zuwa adireshin rukuni 224.0.0.5, wanda duk rautocin OSPF ke saurare. A cikin saƙon akwai lambar shaidarta, da lambar yanki, da mask na layin (lambar da ke nuna iyakar adiresoshinsa), da tazarar da take bari tsakanin gaisuwa da gaisuwa, da wa'adin da za ta jira kafin ta ɗauka maƙwabciyarta ta mutu, da darajarta a zaɓe, da sunan DR da BDR idan akwai, da jerin rautocin da ta riga ta ji muryarsu. Ka riƙe wannan jerin da kyau, domin kusan duk tambayar "me ya hana su maƙwabtaka" daga cikinsa take fitowa. Idan yanki ya bambanta, ko lokutan nan biyu ba su zo ɗaya ba, ko kalmar sirri ta saɓa, rautar da ta karɓi gaisuwar za ta watsar da ita, kamar ba a aiko ba. Ka kuma lura da abin da babu a cikin saƙon: babu sunan nau'in layi. Za mu dawo kan wannan.

Yanzu ka tsaya a gaban kowane layi ka yi masa tambaya ɗaya: rautoci nawa za su iya zama a kansa? Idan waya ce daga wannan rauta zuwa waccan, ba ta uku, to babu abin da za a tsara. Su biyu za su yi musayar duk abin da suka sani, magana ta ƙare. Wannan shi ne abin da allo zai rubuta maka POINT_TO_POINT, kuma shi ne tsarin asali a ƙofofin siriyal masu amfani da HDLC ko PPP. Babu zaɓe, babu DR, shi ya sa idan ka buga show ip ospf neighbor za ka ga FULL, wato cikakkiyar alaƙa, da ɗan layi a gabansa a maimakon muƙami.

Idan kuwa suwic ne a tsakiya, rautoci biyar ko goma na iya haɗuwa a layi ɗaya, kuma a nan matsala take. A ce rautoci goma kowace ta ƙulla cikakkiyar alaƙa da kowace, lissafin zai ba ka alaƙa 45, kuma duk ƙaramin canji sai an maimaita shi a dukansu. Ka ɗauki unguwar da duk mai labari sai ya bi gida-gida ya faɗa, kowane mai gida kuma shi ma ya fita ya sake bin gidajen yana faɗa wa waɗanda suka riga suka ji. Maganin da mutanenmu suka sani shi ne a kai wa mai unguwa, shi ya sa a yi shela, kuma a tabbatar wakilinsa yana zaune yana jin komai ko da ta-kwana. DR shi ne mai unguwar, BDR wakilinsa. Sauran, waɗanda allo ke kira DROTHER, suna kai rahotonsu ga adireshin 224.0.0.6, wanda waɗannan biyun kaɗai ke saurare, sai DR ya watsa wa kowa ta 224.0.0.5. Da wannan tsari alaƙa 45 ta koma 17. DR ne kuma ke fitar da bayanin da ake kira LSA nau'i na 2, wanda ke cewa ga layin nan, ga duk waɗanda ke kansa.

To ka koma kan rautocinka huɗu. Ɗaya DR ce, ɗaya BDR, biyu DROTHER. Waɗannan biyun na ƙarshe sun ji gaisuwar juna, kowace ta ga lambarta a cikin jerin ɗayar, wannan shi ne 2WAY. A nan za su tsaya har abada, domin ba su da buƙatar musayar bayanai kai tsaye alhali dukansu suna karɓa daga wuri ɗaya. Ka shiga ɗaya daga cikinsu ka duba: za ka ga FULL/DR, da FULL/BDR, da 2WAY/DROTHER. Haka ya kamata ya kasance. Inda za ka damu shi ne idan ka ga 2WAY tsakanin rauta da DR ɗinta, ko ka ga duka layin babu DR saboda an mayar da darajar kowa sifili.

Zaɓen kansa ba shi da wuya. Daraja tana tsakanin 0 da 255, ta asali 1 ce, mai mafi girma ta ci, mai sifili ba ta shiga takara ko kaɗan. Idan aka yi kunnen doki sai a duba lambar shaida mafi girma. Lambar shaidar kuwa ana ɗaukar wadda ka sa da hannu da umarnin router-id, in babu sai adireshi mafi girma a ƙofofin lubak (ƙofofin cikin manhaja da babu waya a jikinsu), in babu sai mafi girma a ƙofofin da ke aiki. Tarkon da ake kama ɗalibai da shi yana wani wuri daban: wadda ta riga ta hau kujera ba a sauke ta. Ko ka kawo sabuwar rauta mai daraja 255, DROTHER za ta zauna har sai DR ta faɗi, BDR ta hau, sannan a yi sabon zaɓen BDR. Idan kana son ka tilasta sabon zaɓe a gwajinka sai ka buga clear ip ospf process a kan masu riƙe da muƙaman. An yi haka ne da gangan, domin sauya DR yana girgiza layin gaba ɗaya, kuma zaman lafiyar hanya ya fi muhimmanci a kan wace rauta ce ta fi cancanta.

Lambobin da suka cakuɗe maka, a gaskiya biyu ne kawai: tazarar gaisuwa ta sakan 10 da ta sakan 30. Wa'adin mutuwa ninki huɗu ne na tazarar gaisuwa, don haka 40 da 120 ba abin haddacewa ba ne, lissafi ne. Nau'i biyun da ke cikin jarrabawarka, layin taro da layin rautoci biyu, dukansu 10 da 40 ne. Sauran ukun, wato NBMA (layin taron da ba ya iya watsa saƙo ɗaya ga kowa) da nau'o'in nan biyu na ɗaya-zuwa-da-yawa, su ne masu 30 da 120. Dalili kuwa tarihi ne. An tsara su ne don tsofaffin hanyoyin nesa irin su Frame Relay da X.25 da ATM, masu ƙarancin gudu da tsadar haya, inda sau da yawa sai an aika wa kowace maƙwabciya kwafin gaisuwarta daban domin layin ba ya iya watsa saƙo ɗaya ga kowa. A irin wannan hanya gaisuwa duk sakan 10 ɓarna ce, sai aka tsawaita. NBMA tana zaɓen DR domin ita ma layin mutane da yawa ce, amma sai ka rubuta mata adireshin maƙwabta da hannu. Iyakar abin da kake buƙata a kansu a yanzu ke nan.

Ka buga show ip ospf interface a kowace ƙofar Ethernet, za ka ga layi ɗaya da ya ƙunshi lambobi huɗu: Hello 10, Dead 40, Wait 40, Retransmit 5. Na ukun nan, lokacin jira, mutane da yawa suna tsallake shi, alhali shi ne ke bayyana abubuwa biyu. Idan ƙofa ta tashi a layin taro, rauta ba ta gaggawar naɗa kanta, tana saurare na tsawon wa'adin mutuwa ko akwai masu muƙami a wurin. Shi ya sa za ka kunna rautoci ka zauna kana kallon allo kusan sakan 40 ba abin da ya motsa. Shi ya sa kuma rautar da ka riga ka kunna da minti ɗaya take zama DR ko da lambarta ce mafi ƙanƙanta: ta jira, ba ta ji kowa ba, ta hau. Daga nan za ka gane abin da ya sa masu aiki ke sa ip ospf network point-to-point a wayar Ethernet da ta haɗa rautoci biyu kacal. OSPF ba ta ƙirga rautocin da ke kan waya, da ta ga Ethernet sai ta ɗauka layin taro ne ta shirya zaɓe. Ka gaya mata su biyu ne, sai jiran ya tafi, LSA nau'i na 2 ma ya tafi.

A nan ne maganar da na ce za mu dawo kanta ta shigo, kuma ina so ka gwada ta da hannunka domin ita ce ta fi koyar da mutum. Ka sa wannan umarni a gefe ɗaya kawai, ka bar ɗaya gefen a matsayin layin taro. Lokutansu duka 10 da 40 ne, kuma gaisuwa ba ta ɗauke da sunan nau'in layi, don haka a rautocin Cisco kana iya ganin FULL a teburin maƙwabta, ranka ya yi fari. Sai ka buga show ip route ka tarar hanyoyin ba su shigo ba. Dalili shi ne kowace ta zana layin daban a taswirarta: ɗaya ta ce waya ce kai tsaye zuwa wance, ɗayar ta ce layin taro ne mai DR. Lissafin gajeriyar hanya da OSPF ke amfani da shi, wanda masanin nan ɗan ƙasar Holan Edsger Dijkstra ya wallafa a 1959, ba ya bin layi sai ɓangarorin biyu sun yi masa shaida iri ɗaya. Wanda ya haddace jadawali zai ga FULL ya ce komai daidai. Wanda ya taɓa ɓata wannan da hannunsa ba zai sake mantawa ba.

Haka za ka yi da lokutan. Ka buga ip ospf hello-interval 5 a gefe ɗaya, ka duba, za ka ga wa'adin mutuwa ya koma 20 da kansa muddin ba ka taɓa sa shi da hannu ba. Amma idan wa'adin mutuwar ka canza, tazarar gaisuwa ba ta motsawa. Sannan ka koma ɗaya rautar ka riƙa maimaita show ip ospf neighbor kana kallon ginshiƙin Dead Time. A lafiyayyen layi yana sauka daga 40 zuwa wajen 30 sai ya koma sama, domin sabuwar gaisuwa ta iso. Yanzu da lokutan suka saɓa za ka ga ya wuce 30 yana ta gangarowa har sifili, maƙwabtaka ta rushe. Ka kuma gwada wannan: rautoci biyu da waya ta haɗa kai tsaye, ka rufe ƙofar ɗaya, ɗayar za ta sani nan take domin tata ƙofar ma ta faɗi. Amma idan suwic ne a tsakani, ƙofarta tana nan a kunne, ba ta da hanyar sani sai ta jira wa'adin ya cika. Amfanin wa'adin mutuwa ke nan, kuma saboda sakan 40 ya yi yawa ga manyan hanyoyi na yau ake haɗa OSPF da BFD, mai gano yankewa cikin ƙasa da sakan ɗaya.

Wani abin da nake zargin ya ƙara rikita ka shi ne lambobin wasu tsare-tsaren da ka zuba a takarda ɗaya. EIGRP tana da 5 da 15, kuma ita ba dole lokutan maƙwabta su zo ɗaya ba, domin kowace rauta tana gaya wa ɗayar tsawon da za ta jira ta. BGP a Cisco 60 da 180 ne, kuma ɓangarorin biyu suna daidaitawa a kan wa'adi mafi ƙanƙanta. HSRP 3 da 10. OSPF ce mai tsaurin ra'ayi a cikinsu: ko dai a zo ɗaya, ko babu magana. Ka raba musu shafi.

Matakan maƙwabtakar ma ka daina rera su kamar karatun allo, ka mayar da kowane mataki tambaya. Babu maƙwabciya a tebur sam? Gaisuwa ba ta isa, ko ana watsar da ita: ka duba yanki, lokuta, mask, kalmar sirri, ko an sa passive-interface a ƙofar, wanda ke hana ta tura gaisuwa, ko rautocin biyu suna da lambar shaida ɗaya. An tsaya a INIT? Ni ina jin ta, ita ba ta ji na, sau da yawa wani shingen tace saƙonni ne ya tare hanya ɗaya. An maƙale a EXSTART ko EXCHANGE? Fara duba MTU, wato iyakar girman fakitin da ƙofa ke ɗauka, domin a wannan matakin ne ake kwatanta girman fakiti. Wannan shi ne irin tunanin da mai tambaya yake nema sa'ad da ya nuno maka allo.

Game da shawarar abokanka, kada ka saya. Cisco ta haramta amfani da tambayoyin sata, kuma tana iya soke takardar wanda aka kama ta hana shi sake zama. Ko babu wannan, cutar da ke damunka hadda ce ba tare da fahimta ba, su kuma suna ba ka shawarar ka ƙara wata haddar a kai. Ka yi tunanin ranar da za a kira ka ofis hanya ta yanke, manaja yana tsaye a kanka, allon rauta a gabanka. Kai da ka riga ka saba da wayoyi da suwic a wurin aiki kana da abin da ɗalibai da yawa ba su da shi, kuma mutumin da zai kwana yana neman dalilin 2WAY mutumin wannan harka ne.

Dokar Cisco ta yarda ka sake zama bayan kwana biyar da faɗuwa, amma kada ka yi rajista da zafin rai. Packet Tracer kyauta ne kuma gwaji a cikinsa ba ya buƙatar data da zarar ka sauke shi ka shiga asusunka, don haka ko da cajin laftof kaɗai za ka iya yin awa ɗaya kullum. Ka gina rautocin nan huɗu, ka tabbatar komai yana aiki, ka ajiye kwafi. Sai ka ba wani abokin karatu ya ɓata abu ɗaya ba tare da ya gaya maka ba, ko lokaci, ko yanki, ko nau'in layi, ko daraja, kai kuma ka gano shi da umarnin show kawai, ba tare da ka buɗe show running-config ba. Kafin ka taɓa madannai ka faɗi da baki abin da kake sa ran gani da dalilinsa. Ranar da ya ɓata maka sau goma a jere ka gano duka goman, ka yi wa sauran sassan da takardar sakamakonka ta nuna rauni irin wannan aikin, sannan ka shiga shafin Pearson VUE, kamfanin da ke gudanar da jarrabawar, ka zaɓi rana. Allah Ya ba da sa'a.